Mota a Cikin Teku: Tarihin Kokawar Kanikawa da Ruwan Gishiri

1/
Ranar 6 ga Yuni 1944 sojojin ƙawance suka sauka gaɓar Nomandi ta Faransa, a Yaƙin Duniya na Biyu. Finafinai sun nuna mana harsashi da jirage. Abin da ba sa nunawa shi ne makonnin da kanikawa suka kwashe kwance ƙarƙashin dubban motoci, hannu dumu-dumu da giris, suna toshe duk wata kafa don kar ruwan teku ya shiga. Tarihin wannan kokawar zan kawo muku yau. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Kafin tarihi, mu san abokin gaba tukuna. Leƙa ƙarƙashin babbar mota ko Hilux, za ka ga ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, da wani kumburi kamar tulu a tsakiyarsa. Shi ne aksil. A cikin tulun nan akwai haƙoran giya da boris suna wanka cikin mai. Farfela ce ke kawo masa juyi daga giyabos, shi kuma ya raba wa tayoyi.

3/
Matsalar ita ce: duk inda ƙarfe mai juyawa ya fito daga cikin akwati, dole a bar masa kafa. Ba za ka yi masa walda ba, ai juyawa yake. A wannan kafar ake sa zoben roba da kanikawa ke kira oyil sil. Leɓensa na rungume da ƙarfen, wani siririn sifirin yana ƙara matse shi.

4/
To ga inda gizo ke saƙar. Leɓen zoben nan ciki yake kallo. An ƙera shi ne don ya hana mai FITA. Idan matsi ya zo daga ciki, ƙara kama ƙarfen yake. Idan kuwa daga waje ya zo, sai ya ɗaga leɓen kamar yadda iska ke ɗaga labule. Ruwa kuma daga waje yake zuwa.

5/
Abu na biyu, wanda da yawa ba su sani ba: aksil yana numfashi. In mota ta yi tafiya, man ciki ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura, sai ta fita ta wata 'yar kafa da ke samansa. Yanzu ka tsoma wannan aksil mai zafi cikin ruwan sanyi. Iskar da ke kan maki 80 in ta sauko maki 15, matsinta kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Aksil ɗin da kansa zai zuƙo ruwan, kamar yaro da tsinken shan lemo.

6/
Sannan gishirin. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35. Ruwa in ya gauraya da man giya, man kan koma kalar shayi da madara, santsinsa ya mutu. Gishirin kuma na sa lantarki ya riƙa gudana tsakanin ƙarafa mabambanta, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Ko ruwan ya bushe gishirin na nan, yana jawo danshi daga iska, tsatsa na ci gaba da aikinta motar na ajiye.

7/
Ƙara da zurfi. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin duk iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Kenan abokan gaba uku ne: zoben da ke kallon ciki, aksil mai zuƙa, da gishiri mai ci a hankali. Duk abin da zan faɗa daga nan, yadda aka yi ta fama da su ukun ne.

8/
Mu fara da zoben kansa. A farkon zamanin mota, da matsattsen gashin tumaki ake toshe kafar, mai na ɗiga ana haƙuri. A garin Weinheim na Jamus akwai kamfanin jima mai suna Freudenberg. Eh, a lokacin majema ne, fata suke sarrafawa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, kasuwar fata ta faɗi, sai suka shiga neman abin da za su yi da ragowar yankan fata.

9/
Wani injiniyansu ɗan Ostiriya, Walther Simmer, shi ya fito da zoben fata cikin gidan ƙarfe, daga baya aka ƙara masa sifirin. A shekarun 1930 aka maye gurbin fatar da robar haɗi wadda mai ba ya narkar da ita. Har yau a Jamus da wasu ƙasashen Turai sunansa ake kiran zoben da shi: Simmerring. Wanda ke cikin motarka jikansa ne.

10/
Wannan zobe ya magance ɗigar mai a kan titi. Ba wanda ya ƙera shi da teku a ransa. Yaƙi ne ya tura shi can.

A 1940, bayan Jamus ta ci Faransa, Hitila ya so tsallakawa Ingila. Tambayar ita ce yadda za a sauke tankokin yaƙi a bakin teku ba tare da tashar jiragen ruwa ba. Amsar da injiniyoyinsa suka kawo: tanka ta bi ta ƙasan ruwa.

11/
Suka ɗauki tankoki samfurin Panzer III guda 168 da Panzer IV guda 42, suka liƙe duk wata kafa da roba da danƙo. Suka jona musu tiyo mai tsawon mita 18, bakinsa ɗaure da abin da ke yawo saman ruwa, ta nan injin da mutane ke shaƙar iska. A salansa suka sa murfi mai barin hayaƙi ya fita ya hana ruwa komowa. An tsara su su yi tafiya a zurfin mita 15.

12/
A gwaji an ga cewa muddin tankar na tafiya lafiya lau, amma in ta tsaya sai ta fara lumewa cikin yashin ƙasan teku. Mamayar Ingila dai ba ta yiwu ba. Sai ranar 22 ga Yuni 1941 aka yi amfani da wasunsu wajen tsallaka kogin Bug, ranar da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet. An shirya su don teku, suka ƙare a kogi.

13/
Ɓangaren ƙawance kuwa, darasinsu mai ɗaci ya zo ranar 19 ga Agusta 1942 a Dieppe, wani gari a gaɓar Faransa. Rundunar Calgary ta Kanada ta zo da tankokin Churchill da aka liƙe, aka ɗaga musu bututun iska da na hayaƙi sama. Har igiyar nakiya aka sa ƙarƙashin liƙin, don da an hau tudu a fasa shi a buɗe bindiga.

14/
Tankoki 29 aka sauke. Biyu suka nutse a ruwa mai zurfi, 27 suka kai gaɓa. Wato liƙin ya yi aiki. Duwatsun bakin tekun ne suka riƙa shiga sarƙar ƙafafunsu suna tsinka ta, waɗanda suka wuce kuma suka tarar an toshe hanyoyin shiga gari da kankare. Ko ɗaya ba ta koma Ingila ba. Amma an koyi abu: mota za ta iya fita daga jirgi ta taka cikin teku ta hau gaɓa.

15/
Bayan wata biyu, a Oktoban 1942, Birtaniya ta kafa rundunar kanikawa da masu lantarki ta soja mai suna REME. Liƙe motoci ya zama ɗaya daga cikin manyan ayyukanta. A gaɓar Devon, wajen Instow, aka riƙa tura motoci cikin teku ana ganin ta inda ruwa ke shiga. Kowane samfurin mota sai da aka rubuta masa nasa littafin umarni, don kafar wannan daban da ta wancan.

16/
Me suke shafawa? Wani kwaɓi ne na giris da zaren asbestos, mai kama da yumɓu. Da shi ake lulluɓe fulogi, da wayoyi, da kan batir, da duk mahaɗa. Akwai danƙon Bostik da ƙyalle mai mai don manyan kafofi. Kafireta a jona mata bututu zuwa sama. Kafar numfashin aksil da ta giyabos kuwa, ko a toshe ta na ɗan lokaci, ko a ja ta da siririn tiyo zuwa inda ruwa ba ya kaiwa.

17/
Ku lura da wannan na ƙarshen, don shi ne dabarar da ta fi daɗewa. Tunda aksil sai ya yi numfashi, to a ba shi dogon hanci. In ya zuƙa, iska zai samu daga sama, ba sai ya jawo ruwa ta leɓen zobe ba. Duk motar jeji da ka ga an ja mata tiyo daga aksil zuwa cikin bonet yau, wannan tunanin ne.

18/
Wahalar ita ce motar da aka toshe ko'ina ba ta iya doguwar tafiya, injin zai ɗau zafi. Don haka aka raba aikin mataki-mataki: kaso mafi yawa a sansani, wani kusa da tashar jirgi, na ƙarshe dab da lodi. Ana hawa gaɓar Faransa kuma akwai filin da aka ware don ɓamɓare liƙin, a duba mai, a sake giris. Tankoki an shirya su su taka ruwa mai zurfin kusan mita biyu.

19/
Ka auna girman aikin. Zuwa ƙarshen ranar 11 ga Yuni, kwana shida kacal, an sauke sojoji 326,547 da motoci 54,186 a Nomandi. Mota ɗaya in ta mutu a bakin gangaren jirgi ta tare duk na bayanta, ga ruwa na hauhawa, ga wuta daga tudu. Fulogi ɗaya da wani ya manta bai shafe ba ya isa ya jawo haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

20/
Wani abin tausayi: kwaɓin nan da hannu ake murza shi. Asbestos kuwa yanzu duniya ta tabbatar ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu, shekaru da yawa bayan an shaƙe ta, shi ya sa ƙasashe da dama suka haramta shi. A lokacin, abin da ke gabansu kawai kada injin ya sha ruwa.

21/
Duk wannan na motar da za ta taka ruwa na 'yan mintuna ne. Akwai kuma wadda aka ce ta yi iyo gaba ɗaya. A 1942 Amurka ta ɗauki babbar motar GMC mai tayoyi shida, ta ba masu zanen jiragen ruwa na kamfanin Sparkman & Stephens, ƙarƙashin Rod Stephens, suka gina mata jikin kwalekwale. Sunanta DUKW, sojoji suka riƙa ce mata agwagwa.

22/
Da farko manyan soja ba su yi na'am da ita ba. Sai a Disamban 1942, wani jirgin masu gadin gaɓa ya maƙale a yashi cikin guguwa kusa da Provincetown a jihar Massachusetts, da mutum bakwai a ciki. Jiragen ceto sun kasa kaiwa. Agwagwar gwaji da ke wurin ta shiga ta kwaso su. Daga nan bakin masu suka ya mutu.

23/
An ƙera guda 21,147 zuwa 1945. Tana gudun kilomita 80 a awa a titi, kimanin 10 a ruwa. Ita ce mota ta farko da direba ke iya rage ko ƙara iskar taya daga mazauninsa, ya sassauta a yashi ya cika a kwalta. Ta yi suna a mamayar Sisili a Yulin 1943, kuma kusan 2,000 aka kai Nomandi suna jigila daga manyan jirage zuwa tudu.

24/
Yanzu ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Injin agwagwa da giyabos suna cikin kwalekwalen, a bushe. Amma aksil uku da tayoyi suna waje, tsundum cikin ruwan gishiri. Kenan dole farfela ta huda jikin kwalekwalen ta fita. An sa ta cikin bututun ƙarfe, an rufe bakin bututun da rigar roba mai lanƙwasa, an ɗaure da maɗaurin ƙarfe.

25/
Masu zanen sun san ruwa zai shiga ko ta yaya. Shi ya sa suka sa babban famfo mai kwashe ɗaruruwan litoci a minti, wanda ke samun juyi daga injin. Sannan aka ɗora wa direbobi aikin kullum: giris a mahaɗai, duba man aksil ko ya canza kala, duba birki. A wurinsu liƙi ba abu ne da ake yi sau ɗaya a manta ba. Kamar shara yake, kullum sai an yi.

26/
Ba ita kaɗai ba ce. Jamus ta yi Schwimmwagen a kan ƙirar Volkswagen, sama da 14,000. Ford ta yi ƙaramar jif mai iyo, GPA, guda 12,778, amma ta yi nauyi, bakinta dab da ruwa, igiya kaɗan ke cika ta. Duk da haka wani ɗan Ostireliya, Ben Carlin, ya gyara guda ya tashi da ita daga Kanada a 1950 ya tsallaka Atilantika, ya kammala zagaya duniya a 1958.

27/
Sai tankar Sherman mai iyo, dabarar Nicholas Straussler, haifaffen Hangari. An liƙe ƙasanta, aka kewaye ta da katangar tamfol da ake ɗagawa da iska, aka sa mata farfela biyu a baya. A gaɓar Omaha, bataliya ta 741 ta saki guda 29 tun daga nisan kusan kilomita biyar, cikin igiyar da ta fi ƙarfin tamfol ɗin. 27 suka nutse. Biyu kacal suka kai da iyo.

28/
A gaɓar dai, bataliyar manyan bindigogi ta 111 ta ɗora bindigoginta 12 kan agwagi, da harsasai da buhunan yashi da mutane. 11 suka salwanta kafin su kai tudu. A nan zoben roba bai yi laifi ba. Lodi ya wuce kima, igiya ta shigo ta sama. Ka toshe ƙasa yadda ka ga dama, in ka raina teku ta sama za ta biyo.

29/
Bayan yaƙi, dabarun suka kasu uku, kuma har yau su ake bi.

Ta farko: dogon hanci, wanda muka gani.

Ta biyu: a hura iska kaɗan cikin aksil da giyabos, yadda matsin ciki zai ɗan fi na waje. In akwai kafa, kumfa ce za ta fita maimakon ruwa ya shiga. Motocin soja da dama na da wannan. Humvee ta Amurka na taka ruwa santimita 76 haka nan, da kayan shiga ruwa kuma mita ɗaya da rabi.

30/
Ta uku: a canza zoben kansa. Wani a sa masa leɓe biyu, ɗaya na kallon ciki ɗaya waje, a cika tsakaninsu da giris. Wani kuma, irin na katafila da tankoki, zobba biyu ne na ƙarfe da aka goge fuskarsu sumul, suna manne da juna suna juyawa, roba na tura su ta baya. Yashi da laka ba sa cinye shi da wuri kamar leɓen roba.

31/
Tsatsar gishiri kuwa maganinta ya girmi mota. Tun 1824 Humphry Davy ya nuna wa sojan ruwan Birtaniya cewa in ka manna guntun zinki ko baƙin ƙarfe a jikin tagullar jirgi, gishiri zai ci guntun ya bar tagullar. Har yau ana ɗaura irin wannan guntu a ƙarafan da ke zama cikin teku. In ya cinye a sa wani. Hadaya ce ake ba gishiri.

32/
Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni a ganina ba sojoji ba ne. Ƙungiyar ceton rai a teku ta Birtaniya da Ayalan ce, RNLI. Tun 1920 ta fara gwada tarakta a Hunstanton don tura jirgin ceto cikin teku maimakon dawakai. Taraktarsu Talus MB-H, ta shekarun 1980, na aiki a ruwa mai zurfin mita 2.4.

33/
In ta maƙale kuma ruwa na hauhawa, direba zai rufe ƙofofinta ya fita ya bar ta. An ƙera ta ta jure ruwa mita 9 a kanta, in teku ya janye a zo a ɗauke ta. Amma ko ita, in ta fito aiki sai an wanke ta da ruwan daɗi, an bi ta da giris. Mafi tsadar liƙi a duniya bai ɗauke wa kowa wanki ba.

34/
Yanzu mu koma kan rigar robar nan ta lamba 24. Bayan yaƙi an sayar da agwagi da yawa, wasu suka koma ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Ranar 1 ga Mayu 1999, wata mai suna Miss Majestic, ƙirar 1944, ta shiga tafkin Hamilton a jihar Arkansas da mutum 21. Kimanin minti bakwai da shigarta ta nutse. Mutum 13 suka mutu, uku yara ne.

35/
Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta bincike ta bayan an ciro ta. Me aka gani? Rigar robar bututun farfelar baya ta zame daga mazauninta, saboda maɗaurinta bai ɗauru da kyau ba bayan gyaran da aka yi kwanaki kaɗan kafin nan. Babban famfon da ya kamata ya kwashe ruwan kuma ba ya aiki. Rumfar da aka yi wa motar ta danne mutane suka kasa fita.

36/
Ku tsaya ku yi tunani. Ba guguwa, ba igiya, ba abokin gaba. Tafki ne ma na ruwan daɗi. Maɗaurin da ake ɗaurewa da sukundireba, da famfon da ba a gwada ba. Sojojin 1944 sun san motar na rayuwa ne da dubawar kullum. Bayan shekara 55 motar na nan, ɗabi'ar dubawar ce ta tafi.

37/
Kar ku ce ai tsohuwar mota ce a hannun 'yan kasuwa. Ranar 30 ga Yuli 2020, motar yaƙi mai iyo ta sojan kundumbalar ruwan Amurka, samfurin AAV, na komawa jirginta daga tsibirin San Clemente a gaɓar Kalifoniya, da mutum 16. Ruwa ya riƙa shiga ta wuraren da liƙinsu ya lalace. Man giyabos ya tsiyaye, giyabos ya tsaya.

38/
Tsayawarsa ta raunana famfunan da ke kwashe ruwa. Kusan minti 45 tana cika a hankali. Da aka buɗe ƙofar sama don kwashe mutane, wata motar da ta zo taimako ta buge ta, ta juya gefe, igiya ta afka ciki. Mutum tara suka mutu, a zurfin mita 117 aka samo ta. Binciken rundunar ya ɗora laifin kan rashin gyara, ƙarancin horo da jinkirin yanke shawara.

39/
Shekara 21 tsakanin haɗurran biyu, amma labarin kusan ɗaya: ƙaramar kafa, famfon da ya gaza, da mutanen da suka ɗauka an duba. Wannan shi ne abin da na fahimta daga tarihin nan gaba ɗaya. Ba a taɓa cin ruwan gishiri da yaƙi ba. Lokaci kawai ake saye a wurinsa, kuma da dubawa ake biya.

40/
Akwai dai wata hanya ta huɗu, ta masu na'urorin ƙarƙashin teku: ka daina faɗa da matsi. Iska ce ke matsuwa, mai da ruwa kusan ba sa matsuwa. In ka cika akwati taf da mai ba ka bar iska ba, ka jona masa 'yar jakar roba da ruwan waje ke dannawa, matsin ciki da na waje za su zama ɗaya a kowane zurfi. Zoben ba shi da wani nauyi a kansa kenan.

41/
A birnin Darwin na Ostireliya an nuna irin wannan tunani. A 1983 wasu sun gwada tuƙa Land Cruiser ta ƙasan mashigin tekun garin, da injin dizal da dogayen tiyo zuwa sama. Sun yi kusan kilomita uku ta tsaya. A Yulin 2023 wasu suka dawo da Land Cruiser ƙirar 1978 da suka sa wa suna Mudcrab, wato ƙaguwar laka.

42/
Suka cire injin mai suka sa na lantarki, wanda ba ya buƙatar shaƙar iska. Tayoyin ma ruwa suka ɗura musu maimakon iska, don kar matsi ya lotsa su. Masu ninƙaya kusan 30 suka riƙa karɓa-karɓar sitiyari, a ruwan da kadoji ke yawo, zurfinsa har mita 30. Kilomita bakwai, kusan awa 12, laka na riƙe ta ana ɗaga ta. Ta fito a gaɓar Mindil da dare.

43/
To mu da ke nesa da teku, ina ruwanmu? Akwai. A Oktoban 2012 guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin New York da New Jersey, an ƙiyasta motoci kusan 250,000 suka lalace. Irin waɗannan motoci kamfanonin inshora kan kai gwanjo, kuma gwanjon inshorar Amurka na cikin wuraren da ake sayo motocin da ke sauka Kwatano da Legas.

44/
Motar da ta sha ruwan gishiri za a iya wanke ta ta yi ƙyalli, ta tashi da bugu ɗaya. Gishirin na cikin boris da mahaɗan wayoyi yana jiran lokacinsa. In za ka saya, ka binciki tarihinta da lambar jikinta. Ka ɗaga kafet, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera, ka sa bakanike ya kwance notin man aksil da na giyabos ku ga kalarsa da idonku.

45/
Haka in damina ta sa ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, musamman bayan doguwar tafiya aksil na da zafi. Ba gishiri a ciki, amma zuƙar nan ta lamba 5 na nan. Kar ka jira sai ka ji kuka daga baya. A duba man. In ya koma shayi da madara a zubar a sa sabo, a duba kafar numfashin ko laka ta toshe ta. Kuɗin mai kaɗan ne a kan kuɗin aksil.

46/
Nan zan tsaya. In akwai bakanike a cikinku da ya taɓa buɗe aksil ɗin motar da ta sha ruwa, ya faɗa mana abin da ya tarar a ciki, mu ƙaru. Wanda kuma ya san mai shirin sayen mota daga waje, ya tura masa daga lamba 43. Allah ya tsare mu a hanya, ya jiƙan waɗanda suka rasu.